Lodin Jirgi da Lodin Kwamfuta

Mu mutanen Makango mun san sha'anin lodi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwan Volta ya yi faɗi tsakaninmu da Yeji, jirgin fito ne ke ƙetarar da mu. Kowa ya ga yadda ake jera motocin doya a cikinsa: in nauyi ya kai, sauran su jira sawu na gaba. Amma da muka zo kan kwamfuta sai muka manta da wannan ilimi.

Ga yadda abin ya faru. Gara da ɗigar ruwa suna cinye tsofaffin rajistocin makarantunmu, alhali a cikinsu ne talaka ke samun shaidar shekarunsa da karatunsa. Sai mu malamai muka haɗa kai muka buga sunayen a kwamfuta guda, 'yan'uwanmu na zangon Salaga da Yendi da Bawku su ma suka aiko da nasu. Wani tsohon ɗalibinmu ya saka mana Solr, manhajar bincike ta kyauta wadda aka fara a 2004. Kowace rajista muka yi mata fihirisarta daban, har suka yi yawa.

Ran nan wani dattijo ya taso takanas daga Bawku neman shaida saboda takardun fansho. Muka buga sunansa, kwamfuta ta tsaya cik. Bawan Allah nan ya yini a kan benci, ga kuɗin mota ya kashe. Kunya ta rufe mu.

Da ɗalibin ya zo ya duba, ashe laifinmu ne. Kowace fihirisa, kome ƙanƙantarta, tana cin nata rabo a ƙwaƙwalwar aiki muddin tana buɗe. Kuma Solr da megabayit 512 take zuwa, mu kuwa don kwaɗayin sauri muka ba ta gigabayit 7 cikin 8 da injin ke da su. Saboda haka injin ya rasa inda zai ajiye fihirisoshin kusa da hannu, kullum sai ya koma faifai ya ɗauko. Java kuma, wadda Solr ke tafiya a kanta, takan dakata ta share tarkace, kuma iyakar faɗin ɗaki iyakar daɗewar shara.

Ya rage rabon Solr zuwa gigabayit 3, ya bar wa injin sauran. Ya haɗe fihirisoshin suka koma uku, Salaga da Yendi da Bawku, kowane suna da makarantarsa da shekararsa a gefe. Ya ce in kaya suka ƙaru, a nemo inji na biyu a raba musu. Daidai ruwa daidai tsaki.

Dattijon dai ya kwana a gidan ɗayanmu, da safe muka samo sunansa cikin rajistar 1974. Jama'ar zango masu niyyar irin wannan aiki, ku auna injinku kafin ku fara lodi. Allah ya sa mu dace.