Godiya ga Baba Makaniki

Baba, kun ƙi karɓar kuɗi, kun kuma mayar da ragon da Inna ta aiko muku, don haka abin da ya rage mini shi ne in rubuta. Ba zan kama sunanku ba, na san ba ku so. Masu kai mota gyara J. Allen a nan Sakkwato za su gane da wa nake.

Kuɗin da na zo muku da su ba nawa ba ne ni kaɗai. Akwai na filin gado da muka sayar, akwai ajiyar Inna, akwai kwasar adashin ƙannena mata. Albasa muke nomawa a fadamar Goronyo, kuma kowace shekara kuɗin hayar mota ne ke lashe rabin daɗin cinikin. Shi ya sa gida ya yanke shawarar a nemi a-kori-kura ta hannu mai ƙwari, wadda za ta shiga har bakin gona ta fito da buhuna zuwa kasuwar Kara, in albasa ta wuce kuma ta yi dakon siminti daga Kalambaina. Da mun sayi matacciya, ni ne zan riƙa sunkuyar da kai a gaban 'yan'uwana har tsufa.

Idon samarin gidanmu duk yana kan manyan motocin Amurka, irin su Ford F-250 da Tundra. Na nuna muku hotunansu a waya, ko karɓar wayar ba ku yi ba. Kuka ce, “Ɗana, mi za ta ɗauka? Wace hanya za ta bi? In ta kwanta, wa za shi tashe ta?” Ba ku kushe motocin ba. Kun yarda suna da ƙarfi, amma kuka tuna mini cewa injin silinda 8 ba ya wasa da mai, ga shi tun 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafi fetur ya daina zama abin wasa. Sannan in wani ƙarfe ya karye, sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, in ba a dace ba sai Ladipo a Legas, albasa kuwa ba ta jiran saƙo. Kuka ba ni labarin a-kori-kurar Fijo 404 da 504, waɗanda a kansu kuka koyi aiki, zamanin da masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 take cika hanyoyin Arewa da motoci. A ganinku abin da ya ba su sarauta shi ne kowane ƙauye akwai mai iya kwance su ya ɗaura, kuma kayansu na rataye a kowane shago.

Na kawo zancen Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda ake ce wa Buffalo. Tun 1984 ake ƙera danginta, kuma ita da Hilux ne suka sa aka yi wa faɗan Chadi da Libiya na 1987 laƙabi da yaƙin Toyota. Kuka yi dariya kuka ce babu kamarta a rairayi, amma in fara kallon aljihuna. Maganar ta ƙare a nan.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda kuke duba mota. Ta farkon da muka tsaya a kanta 'yar Beljiyam ce daga Amurka, fenti na walƙiya, kujeru kamar ba a taɓa zama a kansu ba. Dillali yana ta buɗe ƙofofi yana kunna rediyo. Ku kuwa buhu kuka sa yaronku ya shimfiɗa, kuka kwanta da shekarunku, kuka shige ƙarƙashi da 'yar guduma da tocila. Muna jin ƙwanƙwasa, ƙarfe na amsawa tangaran, sai can wajen da sifirin baya ke kama shasi sautin ya mutu. Kuka miƙo hannu waje, tafinku cike da ɓawon tsatsa, gefe ɗaya ja, gefe ɗaya baƙi da sabon fentin da aka fesa don a rufe ta. “Motag ga ta ci gishiri,” abin da kuka ce ke nan. A arewacin Amurka da Kanada ana watsa gishiri a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke, shi ne ke cin mota daga ƙasa alhali samanta lafiya lau. Matsalar ba ƙarama ba ce a can: a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai kusan dala biliyan 3.4 kan tsatsar shasin wasu Tacoma da Tundra da Sequoia. Mu a Sakkwato da ƙura muka sani, wa zai kawo mana tunanin gishiri?

Wata kuma bel ɗin kujera kuka ja har ƙarshensa, sai ga zanen ruwa ya bushe a jiki. Kuka ɗaga kafet, ga laka mai laushi a lungun da injin wanki bai kai ba. Motocin da ambaliya ta shanye a Amurka, irin dubban da guguwar Harvey ta nutsar a Houston a 2017, kamfanonin inshora kan kai su gwanjo, kuma wasu a tashoshin jiragen ruwan Afirka ta Yamma suke sauka. Inji zai tashi, mota za ta yi tafiya, amma wayoyin wuta suna ruɓewa a hankali, sai bayan watanni a fara yau fitila gobe kwamfuta. A nan dole in haɗa da jikanku a godiya. Shi ya kwafi lambar shasi, haruffa da lambobi 17, ya zuba a intanet, sai ga hoton motar a filin gwanjo da shatin ruwa har tsakiyar ƙofa. Na ga yadda kuka dube shi. Ba ku yabe shi da baki ba, amma tsiren da kuka saya masa da yamma ya isa.

Kun koya mini gane motar da aka juya wa sitiyari. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, amma har yau ana shigo da motocin ƙasashen da ke bin hagu, a ciro sitiyari a mayar da shi ɗaya gefen. Kuka nuna mini inda ake kallo: wajen da waifa ke kwanciya, gefen da mabuɗin bonet yake, da tabon walda a bangon da ke tsakanin inji da direba. Kuka ce motar da za ta sauko gangara da lodi ba a yarda da sitiyarin da aka yi wa tiyata.

Takardu kuwa, ku kuka hana ni gaggawa. A da motocin Kwatano ta Nijar suke biyowa, su shigo ta Ƙonni da Illela, amma tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Duk motar da takardunta ke da rauni, ranar da ta haɗu da shingen kwastan ranar ta zama ta gwamnati. Sai da muka gwada lambar da ke jikin shasi da ta jikin ƙofa da ta takardar fito, muka kuma je aka tabbatar mana an biya kuɗin fiton, kafin kuka bari a fara zancen farashi.

Wadda muka saya a ƙarshe ita ce mafi rashin kyan gani a duk waɗanda muka duba. Hilux ce fara da rana ta dafe, mai gida ɗaya, giyar hannu, irin ƙirar da aka yi daga 2004 zuwa 2015, da injin fetur mai lita 2.7. Na so mai gas saboda ƙarfin ja, kuka ce injin gas na zamani ba ya yafe gurɓataccen mai, kuma kuɗin nozul ɗinsa kaɗai ya isa ya sa mutum zazzaɓi. Wannan na fetur kuwa shi ne a cikin motocin Homa da ke jigila tsakanin Sakkwato da Kano da Abuja, don haka kayansa ko da dare aka nema za a samu. Hujjar da ta fi kama hankalina ke nan.

Kuka ce a faɗa wa mai ita kada a tashe ta sai mun zo, muka kuma je daga sallar asuba. Duk da haka sai da kuka ɗora bayan hannu a kan inji don ku ji ko an ɗuma shi kafin isowarmu. Kuka buɗe murfin baƙin mai kuka leƙa ko akwai farin kumfa, alamar ruwa ya haɗu da mai. Kuka cire murfin lagireto tun tana sanyi, aka tashe ta, kuka tsaya kuna jiran ko ruwan zai yi ɓulɓuli. Yaronku na baya yana kallon salansa: shuɗin hayaƙi mai take ci, fari mai kauri ruwa ne. Kuka bi jikinta da maganaɗisu kuna neman inda aka cike da fota. Mitar tafiya ba ku ba ta muhimmanci ba, kuka ce ana mayar da ita baya. Robar feda da kujerar direba kuka duba, su ba a koya musu ƙarya ba. Daga nan aka loda mata buhunan yashi, muka nufi Kwalkwalawa, kuka sauka daga kwalta kuka sa giyar taya huɗu a cikin rairayin bakin gulbi, kunnenku na wajen furofela. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kun ce motar da allurar zafin injinta ta motsa a irin wannan gwaji ba za ta gama da mu lafiya ba. Allurar ba ta motsa ba.

Ba ku ce ba ta da aibi ba. Kun lissafa kuloci ya kusa, shokazoba biyu sun mutu, tayoyi sun tsufa, kuka faɗi kuɗin kowanne, aka zabge daga farashi. Sai dillalin ya ja ku gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Kuka dawo tsakiyar mutane kuka ce da ƙarfi, “Ya ce akwai kasona in an yi ciniki. To na karɓa, a cire shi daga kuɗin yaron ga.” Kowa ya yi dariya har shi dillalin, kuma aka cire. A kasuwar da la'ada ke bi ta hannu uku kafin mai saye ya sani, na daɗe ban ga irin wannan ba.

Gargaɗinku kan lodi muna riƙe da shi, ko da yake direbanmu yana gunaguni. Kun ce abin da aka gina ta ta ɗauka bai wuce kimanin tan 1 ba, wato buhun siminti 20, kuma masu ƙara ganyen sifirin su labta ninki biyu sun manta ba su ƙara birki ba, ba su ƙara shasi ba. Gara sawu biyu. Kuma kun faɗi abin da kowa ya sani ba a cika son faɗa ba: hanyar gabas, daga Goronyo zuwa wajen Sabon Birni da Isa, a shekarun nan ba inda mutum zai so mota ta mutu masa ba ne bayan la'asar. Matar direban ma ta ce in isar muku da gaisuwarta.

Inna ta ce Allah Ya saka muku da alheri, Ya jiƙan mahaifanku, Ya sa yaran da kuke koya wa aiki su gaje ku har da halin. Ƙannena sun ce amin, ni ma haka. Ragon dai mun haƙura, amma buhun albasa na farkon ɗiba an riga an sauke shi a gidanku wajen Hajiya, kuma ta karɓa, sai ku yi rigimar da ita. Ranar Asabar in Allah Ya kai mu zan kawo motar juyen baƙin mai. Direba ya ce birkin hannu ya fara sakewa, a taimaka a duba mana shi.