Tsatsa Da Fenti A Birnin Habana

A Habana, babban birnin ƙasar Kyuba, akwai wani titi a bakin teku da ake kira Malekon, tsawonsa wajen kilomita 8. A nan ne tsofaffin motocin Amurka na shekarun 1950, su Chevrolet da Buick, ke kai da komowa har yau. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba, sababbi suka daina shigowa daga can, kowa ya rungumi tasa.

Waɗansu masu tara tsofaffin motoci a Amurka sukan ce a bar tsatsar da ke saman jiki, domin ita ce shaidar shekaru. A hamadar Arizona suna da hujja, gama busasshiyar iska ba ta barin tsatsa ta yi nisa. Amma a Malekon igiyar ruwa takan watso gishiri har kan titi, tabon da aka ƙyale bana, baɗi ya zama huda. Saboda haka direban Habana yakan kankare tsatsa ya shafa fenti, ko da buroshi ne. Da motar nan yake ciyar da iyalinsa, in ta ruɓe ba shi da wata.