Bizar Umara Ba Ta Kai Mutum Arfa



Mu mutanen ƙasar Daura ba mu tashi da tsoron iyaka ba. Daga Daura zuwa Kwangwalam tafiya ce 'yar kaɗan, kana ƙetarawa ka nufi Matamai ko Damagaram. Ta Zango ko Baure kuwa, sai ga ka a Magarya. Can gwaggonninmu suke aure, daga can ake koro shanu zuwa kasuwar Mai'aduwa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979, wadda ta ba mu damar zaman kwana 90 a maƙwabta ba tare da biza ba, tarar da mu ta yi muna zirga-zirgarmu. Shi ya sa har gobe mutanenmu da yawa suke ɗaukar biza abu guda: hatimi ne a fasfo, in an buga an gama magana.

Alhali kowace biza da ƙofar da take buɗewa. Mu ɗauki Saudiyya, tunda can ne zuciyar kowa take. Bizar Hajji tana fitowa ne ta hannun Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, da Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Katsina, ko kamfanonin jirgin yawo masu lasisi, kuma ita ce take haɗe da katin Nusuk da tanti a Mina da motar zuwa Arfa. Bizar Umara tana da wa'adi, kuma dole mai ita ya fita kafin lokacin Hajji. A 2025, ranar 29 ga Afrilu aka sa ta zama ranar ƙarshe ta ficewa. Bizar ziyara ta ganin dangi ce ko wata hidima. Bizar aiki kuwa sai da kafili da kwantiragi da gwajin asibiti, in an isa a yi wa mutum igama.  Mai bizar Umara da aka kama yana aiki ya karya doka, mai bizar ziyara da ya laɓe a Makka yana jiran ranar Arfa shi ma haka.

Mun ga abin da wannan bambanci ya jawo a Hajjin 2024. Zafi a Makka ya kai digiri 51.8. Hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, suka ce kashi 83 cikin ɗari ba su da izinin Hajji. Rana ɗaya ce ta doki kowa, amma mai izini yana da tanti mai sanyi da mota, marar izini kuwa a ƙasa ya taka cikin rana yana kauce wa shingayen jami'ai. Masar ta soke lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 a kan wannan lamari. Tun kafin Hajjin ma, Majalisar Manyan Malamai ta Saudiyya ta ce bai halatta mutum ya tafi Hajji ba tare da izini ba. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda aka kama, da riyal 100,000 ga wanda ya yi masa hanya ko ya ba shi masauki, sannan a koro mutum a hana shi shiga ƙasar shekara 10.

Duk da haka ba ma ɗaga wa kowa hanci, don mun san abin da yake tura mutum. Kujerar Hajji a 2025 ta haura naira miliyan 8. Manomin Sandamu da ya shekara ashirin yana tara kuɗin gero da tumaki, in ejan ya raɗa masa cewa akwai hanyar da ba ta kai rabin haka ba, sai wanda Allah Ya tsare. Ga kuma tarihi. Kakanninmu a ƙasa suka riƙa tafiya gabas, ta Barno da Chadi da Sudan, suna noma suna ƙwadago a hanya, wasu su shekara bakwai, wasu su zauna ɗungurungum. Garin Mai Wurno da ke Sudan mutanenmu ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. A jininmu yake cewa ɗakin Allah ba shi da mai gadi. To, amma zamanin ya wuce. Yau da hoton yatsa ake shiga, kwamfuta kuma ba ta mantuwa.

Wanda ya fi ci mana rai shi ne na mata. Kusan kowace unguwa ta san irin labarin: bazawara mai 'ya'ya uku, an sayar da gonar gado ko an ci bashi, ejan ya ce aiki yana jiranta a Jidda. Sai ta sauka take gane bizar Umara ce a hannunta. Wa'adi ya cika, ta zama takari. Uwar ɗakinta ta hana ta albashi, ba inda za ta kai ƙara, don zuwa ofishin 'yan sanda kai kanta ne. Ciwo ya kama ta, tana tsoron asibiti. Ƙarshenta tarhil, a sauke ta a Kano da leda ɗaya, bashi yana jiranta a gida. Ita ma mai bizar aiki tana shan wuya, ba mu ce ba ta sha ba, sai dai tana da suna a takarda da kwantiragin da za ta nuna.

Ina ruwan marubuci da wannan? Ruwansa da tsaki. A littattafan da ake karantawa a waya, jarumi yakan ce wa amarya ta haɗa kaya, gobe sai Dubai, jibi Landan, kamar mai zuwa Kazaure. Yarinyar da take karantawa a Baure ba ta taɓa riƙe fasfo ba, daga shafinmu take koyon yadda duniya take. In mun nuna mata tafiya ba shamaki, mun share wa ejan hanya. Kuma ko ta fuskar labari, asara ce a tsallake wurin. Daren da uwa take juya fasfo a hannu ba ta iya karanta abin da aka rubuta, ɗanta ɗan sakandare ya karanta mata kalmar Umara, ta yi shiru: wannan babi ne guda, ya fi shafi goma na kwatanta motar Alhaji.

Mu kanmu wata rana za a gayyace mu taro a Ingila ko Amurka. Bizar ziyara ta Ingila ba ta ba mutum damar kama aiki, kuma ƙarya ɗaya a fom tana iya rufe ƙofa shekara 10. Saboda haka tambayoyin da za mu sa a bakin jarumanmu su ne waɗanda za mu yi wa kanmu. Me aka rubuta a jikin bizar? Kwana nawa ta bayar? Ta yarda a yi aiki? Wa ya nemo ta, kuma yana da lasisi? In ejan ya ce kada ka damu, in ka isa za a gyara, to nan ne wurin damuwar.

A wannan mako, duk mai tafiya a cikin labarinsa ya koma ya duba wace takarda ya ba jaruminsa, ya kuma tambayi wani alhaji ko wata da ta dawo daga tarhil yadda abin yake. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya kai mu ɗakinSa ta ƙofar da ta dace, Ya dawo da na nesa lafiya.