Motar da Ba Ta da Direba: Wa Zai Ɗauki Lamuni?



A 'yan kwanakin nan hotunan wata farar mota suna ta yawo a wayoyin jama'a, tana ratsa titunan San Faransisko a Amurka, fasinja na zaune a baya, sitiyari na juyawa shi kaɗai ba kowa a mazaunin direba. Kuma da yake mutanenmu sun rabu biyu a kanta, wasu na ta'ajibi suna fatan Allah ya kawo mana irinta, wasu kuwa na cewa alamar ƙarshen zamani ce, sai na ga ya dace a auna al'amarin da ma'aunin da malamai suka bar mana, wato a dubi maslaha, a dubi mafsada, kafin a yanke hukunci.

Abin dai gaskiya ne. Kamfanin Google ya fara aikin tun 2009, daga bisani aka raɗa wa aikin suna Waymo, kuma tun 2020 motocinsa ke ɗaukar fasinja a birnin Finiks ba tare da direba ba. A ƙasar Sin ma kamfanin Baidu yana da irinsu a Wuhan, inda direbobin tasi suka yi ta kukan an taɓa musu abinci. Motar tana gani ne da kyamarori da na'urorin auna nisa, tana bin taswirar da aka riga aka zana mata ta kowane titi da kowace danja, kwamfutar cikinta kuma ita ce ke hukunta lokacin taka birki.

Hujjar masu son ta hujja ce mai nauyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gawar da aka ciro daga tarkacen mota ba zai yi mata riƙon wasa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 1.19 ke rasa rayukansu a kan hanya kowace shekara, kuma idan aka gwada da yawan jama'a nahiyarmu ce ta fi kowace shan wannan masifa. Mu da ke bin hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe, ta wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, ta shiga Gusau ta fita Bunguɗu, mun san sababin da idonmu: Golf da aka cusa wa mutum biyu a kujerar gaba, buhunan masara sun danne bayanta har tana jan ƙasa; direban tirela da ya kwana biyu bai runtsa ba; yaron da ya sha abin da ya sha yana tsere da ɗan'uwansa don ya riga shi lodi. Inji ba ya gyangyaɗi, ba ya amsa waya, ba ya fushi. Kiyaye rai kuwa yana gaba da kiyaye dukiya a cikin manufofin shari'a, saboda haka in har ya tabbata, da shaidar waɗanda ba su da hannun jari a ciki, cewa wannan na'ura tana rage zubar da jini, to, ba ya halatta mu ƙi ta don kawai ba mu saba da ita ba.

Sai dai ga inda zuciyata ta tsaya. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta buge wata mata da ke tsallaka titi da dare tana tura keke, ta kashe ta. Masu bincike suka gano cewa ba a tsara kwamfutar ta yi tsammanin mai tafiya a ƙafa zai tsallaka a wajen da ba a shata don tsallakawa ba, amma da aka zo maganar laifi, kamfanin ya fita, ma'aikaciyar da aka zaunar a mazaunin direba don sa ido ita aka gurfanar. A Oktoban 2023 kuma, a San Faransisko, wata motar kamfanin Cruise ta ja wata mata a ƙarƙashinta kimanin mita 6 bayan wata motar ta wurgo ta gabanta, har hukuma ta janye izinin kamfanin. To, a fikihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, wanda ke kan dabba, da mai janta, da mai kora ta, su ke da lamunin abin da ta taka. Kisan kuskure kuma yana da diyya, yana da kaffarar azumin wata biyu a jere. Hikimar wannan ita ce kada jinin ɗan Adam ya tafi a banza ba wanda ya ɗauki nauyinsa. Idan motar da ba mai janta ba mai kora ta ta take almajiri a shataletalen Lalan, wa zai yi kaffara, wa zai biya diyya, kuma wa alƙali zai aika wa sammaci, alhali wanda ya rubuta umarnin kwamfutar yana wata nahiya, bai ma san akwai gari mai suna Gusau ba?

A bar maganar cewa titunanmu ba su da layi, shanu da amalanke da kabu-kabu duk hanya ɗaya suke bi. Wannan injiniyoyi na iya warware shi wata rana. Abin da ba na zaton za su iya shi ne aikin da direbanmu ke yi wanda ba tuƙi ba. Shi ne wanda ke tsayawa a Tsafe ya tambayi na gaba ko hanya lafiya, ya ga motoci sun daina fitowa daga ɗaya ɓangaren ya gane akwai magana, ya juya da rayukan mutum goma sha. Shi ake damƙa wa kuɗin cefane da maganin tsohuwa a ce ya miƙa a Bunguɗu, ba takarda ba shaida, sai amana. Kuma ba mu manta da Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara saboda sha'anin tsaro, aka rufe kasuwannin mako, aka taƙaita zirga-zirgar babura: motocin da suka ci gaba da kai marasa lafiya asibiti a makonnin nan masu direba ne.

Amma batun abinci shi ya fi damuna. Ka shiga tasha da hantsi ka ƙirga bakin da mota ɗaya ke ciyarwa: direba da yaronsa, mai motar da ke jiran balas da yamma, ɗan kamasho da ke kiran sauran mutum ɗaya, mai faci, bakanike, mai wanki, mai shayi, da yarinyar da ke tallar dafaffiyar gyaɗa ta taga. Masu cewa kowane ci gaba haka yake zuwa suna da gaskiyarsu, domin sa'ad da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, fatake da masu jakuna sun ji a jikinsu, daga baya kuma manyan motoci suka karɓe kayan daga jirgin. Amma a duk waɗannan sauye-sauye ɗan mai jaki ya sami inda zai raɓa, ya zama ɗan dako, ya zama yaron mota, ya wayi gari direba. Wannan karon mutumin ne kansa ake son cirewa, ribar kuma ba a nan za ta kwana ba. Gusau, garin da masaƙarsa ta Zamtex ta daɗe da yin shiru, wanda manomansa da yawa suka baro gonaki saboda 'yan bindiga suka kama sana'ar Keke Napep da kabu-kabu, waɗanda janye tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara ƙuntata wa, ba shi da wata sana'a ta biyu da zai tura dubban matasa. Mun kuwa ga inda matashin da ya rasa abin yi ke ƙarewa a jihar nan, Allah ya kiyaye.

Ban ce motar za ta iso gobe ba, wataƙila ma sai bayan ranmu, amma wayar hannu ma an yi zaton ta masu kuɗi ce. Saboda haka ina roƙon malamanmu su bincika mas'alar lamunin tun yanzu da ake da sukunin nazari, ƙungiyar direbobi ta NURTW kuma ta shiga maganar tun ba a gama ta a bayan idonta ba. Kafin nan, Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, da hukumomin jiha su tsaya tsayin daka a kan lodin da ya wuce ƙima da tsofaffin tayu da tuƙi cikin maye, a kuma cike ramukan hanya, domin rayukan da ake fatan injin zai ceta, da dama daga cikinsu ana iya cetonsu bana. Duk ranar da wani kamfani ya nemi izinin sakin irin wannan mota a titunanmu, kada a sa masa hannu sai ya ambaci sunan wakilinsa mazaunin ƙasar nan da zai amsa kiran alƙali idan an yi ɓarna, ya kuma faɗi kason da zai riƙa warewa daga kuɗin kowace tafiya don koya wa direbobin da ya sallama wata sana'ar.