Kwana 9 a Gida

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Sun kuma ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duka biyu gaskiya ne, amma mu matafiya mun fi son jin ta farin. Idan mutum ya komo daga nesa, labarin hanya akan tambaye shi. Ba mai tambayar labarin 'yan kwanakin da ya yi a gida kafin ya sāke ɗaukar jaka. To, ya ku masu karatu, shi nake so in ba ku a wannan wata.

A dogon hutun makaranta na bana aka aike ni wurare biyu domin in koyar da malaman Makarantar Lahadi. Na fari shi ne Numan, inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. Daga gidanmu a Wusasa, kusa da Zariya, sai mutum ya bi ta Pambeguwa da Saminaka zuwa Jos, sa'an nan Bauci, Gombe, Kaltungo, kafin ya isa. Tafiyar ta fi kilomita 600. Na biyu shi ne Sakkwato, kimanin kilomita 400 ta Funtuwa da Gusau. Tsakanin komowa daga Numan da tashi zuwa Sakkwato kwana 9 ne kaɗai, kuma a tsakiyar watan Agusta suka faɗo, watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Zazzau.

Na iso da magariba. Bayan an yi mini sannu da zuwa, na ci tuwo, uwargida ta ciro kalanda daga bango ta juya bayanta. Ashe ta rubuta abubuwan da suke jirana, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Malam, ka huta yau. Gobe sai mu fara daga sama." Na ce, "Daga saman takarda?" Ta ce, "A'a, daga saman ɗaki."

Cikin dare na gane maganarta. Ruwa ya sauko, sai ga kwanoni uku a ɗakin yara, kowanne da irin kiɗansa. Rufin kwano yakan buɗe da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare. Shekara da shekaru haka, har ramin ƙusa ya faɗaɗa, ruwa ya sami hanya. Da gari ya waye muka jira kwano ya bushe, na hau tare da kafinta. Ya ce mini, "Malam, inda ka ga layin ƙusoshi, nan za ka taka, gama nan katako yake." Muka cire tsofaffin ƙusoshi, muka buga sababbi masu hula, muka toshe ramukan da tsumma da kwalta. Ba mu gama ba hadari ya taso daga gabas, muka sauko a guje, guduma kuwa ta kwana a sama.

Kashegari guga ya faɗa rijiya, domin damina ta ruɓar da igiya. Ƙugiya ɗaya ce a unguwarmu duka, ba wanda kuma ya san gidan da ta kwana. Ɗana ya shiga gida 5 kafin ya same ta. Muka yi ta lalube har rana ta yi tsaka. Abin da ya fara fitowa wani tsohon guga ne da ya ɓace tun bara, sa'an nan namu. Yara suka yi ta murna, wai mun ci riba.

A rana ta uku akuya ta tsinke daga turke, ta bi ta inda katanga ta zube, ta shiga masarar maƙwabcinmu. Dattijo ne mai haƙuri. Da na je ba shi haƙuri ya ce, "Ɗana, akuya ba ta san iyaka ba, katanga ce ta sani." Ba a ginin ƙasa a tsakiyar damina, saboda haka muka kafa zana a wurin, sai rani ya zo a yi tubali.

Wannan katanga ta sa na tuna da tsohuwar majami'ar St. Bartholomew da take garinmu. Likita Mila ya fara aikin bishara a birnin Zariya a 1905, aka komo da aikin Wusasa a 1929, a nan aka gina majami'ar da ƙasa, irin ginin Hausawa. Har yau tana tsaye, baƙi kuma sukan zo kallonta. Amma kowane magini zai gaya muku ginin ƙasa ba ya daɗewa don ƙarfinsa kaɗai. Sai da mai duba indararo, mai toshe tsaga tun tana ƙarama, mai yin yaɓe kafin ruwa ya sauka. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da ya fi ba ni ciwo shi ne gara. Akwai kwali mai littattafan darasi 40 waɗanda zan kai Sakkwato, yana bisa benci. Gara ba ta son haske ko iska, don haka takan gina wa kanta hanyar ƙasa a jikin bango. Ta haka ta hau, ta shiga kwalin ta baya, ta ci 11. Daga waje kuwa kwalin lafiya lau. Muka shanya sauran, muka rushe hanyoyinta, muka janye benci daga bango. Duk mai ajiye takardu a gida, kada ya bar su su taɓa bango ko ƙasa, ya kuma riƙa leƙa bayansu kowane mako.

Babur ma ya ƙi tashi, domin batir yakan mutu idan an daɗe ba a tayar da inji ba. Muka tura shi har bakin titi kafin ya yi tari ya kama. Da shi na fita biyan wani bashi wanda ba na kuɗi ba, wato bashin gaisuwa. Cikin mako biyu da ba na nan, an yi rasuwa ɗaya a ikilisiya, an yi haihuwa biyu, wani dattijo kuma yana kwance a asibiti. Gaisuwar waya tana da amfani, amma ba ta cika gurbin ƙafa ba. Yini guda cur na yi ina shiga gida gida.

Duk waɗannan ana gyara su da ƙusa da igiya da zana. Akwai wanda ya fi su nauyi. A daren da na iso, autarmu mai shekara 3 ta ɓuya a bayan zanen uwarta, tana leƙena kamar baƙo. Washegari ɗana ya zo neman izinin zuwa ƙwallo, ina zaune, ya wuce ni ya tambayi uwarsa. Ba rashin kunya ba ne, sabo ne. Gida yakan koyi tafiya ba tare da matafiyi ba, gama dole ne a ci abinci, a je gona, a sayi maganin zazzaɓi, ko yana nan ko ba ya nan. Da lokacin addu'ar yamma ya yi, na tarar ɗan nan mai shekara 13 shi yake karanta Littafi Mai Tsarki tun ranar da na tafi. Na ce ya ci gaba, ni kuwa na yi addu'ar rufewa. Autar ba tsaraba ce ta jawo ta ba. A rana ta huɗu, ina cire ciyawa a masarar bayan gida, ta zo ta tsuguna kusa da ni tana tara mini ciyawar. Daga nan ba ta ƙara ɓuya ba.

'Yan'uwa, da yawa cikin masu karanta wannan mujalla matafiya ne: direbobin manyan motoci, 'yan kasuwa, masu bishara, sojoji, ma'aikatan da iyalinsu suke wani gari. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, zuwa gida kuma ya ƙara wuya. Saboda haka kwanakin da muke samu sun ƙara daraja. Jarabar matafiyi ita ce ya mai da gidansa masauki, ya kwanta a kawo masa abinci, a wanke masa kaya, ya tashi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, rana na fitowa ya tafi. Maigida ba raɓa ba ne.

Manzo Bulus ya fi mu tafiya duka. Amma a ƙarshen sura 14 ta Ayyukan Manzanni mun ga da ya komo Antakiya ya tara ikilisiya ya ba su labari, ya kuma daɗe tare da su. A Korinti ya zauna shekara ɗaya da wata 6, yana sana'ar ɗinkin alfarwa tare da Akila da Biriskila. Shi ne kuma ya gargaɗi Timoti da kakkausar murya a kan mai bi wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Mutumin da ya san hanya haka, ya san aikin hannu a inda ya sauka.

Shawarata kaɗan ce. Idan ka iso, ka fara jin labarin gida kafin ka ba da na hanya. Ka zauna da uwargida ku duba lissafin kuɗi tare, ka kuma gode mata a gaban yara, gama ita ta ɗauki kayan mutum biyu. Ka zaɓi aikin da ya fi ƙarfinta ka yi shi da fari. Kowane aiki kuma ka yi shi da yaro a gefenka. Kada ka rushe tsarin da suka kafa a bayanka don kawai ka nuna ka dawo.

Cikin abubuwa 12 da suke bayan kalanda, 9 muka gama. Katanga tana jiran rani, ƙofar kicin da kejin kaji suna jiran in komo. Hanyar Gusau ba a binta da dare a wannan zamani saboda 'yan bindiga, don haka motar asuba zan shiga. Ina roƙonku ku riƙa tunawa da matafiya cikin addu'a, ku tuna kuma da mata da yara waɗanda suke riƙe da gidaje a bayansu. Ubangiji ya kiyaye masu fita da masu jira. Amin.