Ido da Kai, Jijiyarsu Ɗaya

Mu masu ciwon ɓarin kai mun san juna ko ba a gabatar da mu ba. Mu ne masu rage hasken waya har ya kusa ɗaukewa, masu neman kujerar da ta ba taga baya a wurin taro, masu sanya baƙin tabarau da la'asar sakaliya har a ce muna yanga. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne halin da idanunmu suke ciki. Da yawanmu muna yawo da wani ɗan yashi a ido wanda wanki ba ya fitar da shi, ga raɗaɗi, ga nauyin fatar ido, wani lokacin ma hawaye ya riƙa zuba ba gaira ba dalili. Likitoci suna kiran wannan bushewar ido. Zubar hawayen ma alamarta ce: idon ne ya ji zafi, ya saki ruwa tsinkakke wanda ba ya zama.

Mun saba raba ciwukan nan gida biyu. Kai a ba shi Panadol, ido kuwa a ɗora wa hunturu laifi. Hunturun yana da nasa alhakin, ba mu wanke shi ba, amma jiki bai yi wannan rabon ba. Akwai wata babbar jijiya a fuska mai rassa uku, wadda ake kira tirajeminal. Reshenta na sama shi ne yake ɗauko saƙon zafi daga tantanin da ya rufe baƙin ido, kuma shi ne dai yake ɗauko saƙo daga mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, inda zafin ɓarin kai yake tasowa. Tantanin idon nan yana cikin wuraren da suka fi ko'ina yawan jijiyoyi a jikin ɗan Adam, shi ya sa gashi ɗaya tak yake hana mutum sakat. Idan ido ya bushe, jijiyar tana ta aika ƙara dare da rana, kuma ofishin da ƙarar take zuwa shi ne wanda ciwon kanmu ya riga ya cika da takardu.

A 2019 mujallar JAMA Ophthalmology ta buga wani bincike daga Jami'ar Arewacin Karolina ta Amurka, wanda ya duba bayanan marasa lafiya kusan 73,000. An samu cewa masu ciwon ɓarin kai sun fi sauran mutane yiwuwar samun bushewar ido da aƙalla kashi 20 cikin ɗari. Sai dai a nan muke taka burki, domin mun sha ganin an ɗauki irin wannan labari an mayar da shi talla. Binciken ya nuna ciwukan biyu suna tafiya tare. Bai ce ɗigon ruwan ido yana warkar da ɓarin kai ba. Duk wanda ya zo mana da kwalba yana wannan alkawari, aljihunmu yake hange.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne hanyar tana bi ta ɗaya ɓangaren ma. Allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2010 don ɓarin kai mai naci, an lura a wasu ƙananan bincike a Mayami cewa waɗanda aka yi wa ita sun ce ƙin haske da jin bushewar idonsu sun ragu. An yi wa kai magani, ido ya sami sauƙi. Wani maganin kuma akasin haka yake yi. Amitiriptilin, wanda ake yawan rubuta mana don rigakafi saboda arharsa, yana busar da baki da ido. Haka ma Piriton da muke sha idan mura ta kama mu. Ba mu ce a ajiye magani ba, amma likitan da ya rubuta shi ya kamata ya ji labarin idon, shi ma likitan ido ya ji labarin kan. Sau tari kowannensu rabin labari muke ba shi.

Duk da haka muna kula da idon, domin rage ƙara ɗaya daga cikin masu damun jijiyar nan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san kwana a ɗaki mai duhu da ƙyalle a goshi. Hawaye ba ruwa ba ne zalla, akwai wani siririn mai a samansa da ke hana shi ƙafewa, kuma daga bakin fatar ido yake fitowa. Tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi a kan rufaffen ido na 'yan mintuna yana narkar da man idan ya daskare. Kallon waya yana rage ƙiftawa sosai, don haka bayan kowane minti 20 mukan ɗaga kai mu kalli nesa mu ƙifta da gangan. Fanka kuma ba ma barinta ta daki fuska kai tsaye. Wanda yake ɗiga hawayen kwalba fiye da sau huɗu a rana, gara ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin adanawa ba, don shi kansa sinadarin yana cin ido.

Wanda muke tsoro shi ne ɗigon da ake miƙowa a kemis ba takarda da zarar an ce ido ya yi ja. Wasunsu suna ɗauke da sitiroyid. Suna kwantar da ja nan take, amma daɗewa a kansu yana iya jawo yanar ido da gilakoma, ita kuwa gilakoma ganin da ta ɗauke ba ya dawowa. Kuma idan ciwon kai ya zo farat ɗaya da jan ido, da amai, mutum yana ganin zobe kewaye da fitila, wannan ba na kwanciya a ɗaki ba ne. A ranar ake neman asibitin ido, ko da kuwa sai an yi tafiya zuwa Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ECWA na Kano.