Ni da ƙanena da rigimar jifan besbol

Jama'a, na san wasu za su ce me ya haɗa ni da besbol, wasan da ko a gidan kallon ƙwallo ba a saka shi. Ƙanena ne ya ja ni ciki. Shekara 4 ke nan yana zaune a Toronto, kuma tun da ya tafi hirarmu ta waya ta koma "ya gida, ya sanyi, a gaida Hajiya", shi ke nan. Sai da ya aiko min da gem ɗin MLB The Show muka sami abin da muke kwashe awa biyu a kansa duk daren Asabar.

A wasan ƙarshe na gasar World Series ta 2025, lokacin da Dodgers ta doke Blue Jays ɗinsa da ci 5 da 4 a Toronto, bai ɗauki wayata ba har kwana biyu. Yoshinobu Yamamoto ya yi jifa a wasa na 6, washegari ya sake shigowa ya rufe wasa na 7. Da ƙanen nawa ya huce, abin da ya fara cewa shi ne: "Yaya, ka ga abin da ake kira jifa. Kai kuma kana can kana danna maɓalli kamar mai canja tasha."

Ga asalin rigimar. Mai jifa yana tsayawa kimanin mita 18 daga mai riƙe da sanda, kuma gem ɗin ya ba ka hanyoyi da dama na sarrafa hannunsa. Akwai Classic: ka zaɓi irin jifan, ka nuna inda kake so, ka danna, sauran ya rage ga ƙwarewar ɗan wasan. Akwai Meter, wanda tsofaffin hannu suka sani tun zamanin MVP Baseball 2005: layi ne yake tafiya a lanƙwashe, ka tsayar da shi don ƙarfi, ka sake tsayar da shi don saiti. Akwai Pulse, da'ira ce take buɗewa tana tsukewa, ka danna lokacin da ta fi ƙanƙanta. Akwai Pure Analog, ka ja sandar dama ƙasa sannan ka tura ta sama. Sai kuma Pinpoint da aka kawo a 2021, inda kowane irin jifa yake da nasa zanen da za ka bi da babban yatsa, ka sauke sandar daidai kan lokaci.

Ƙanena ɗan Pinpoint ne na gani-kashe-ni, kuma gaskiya yana da hujja. Idan ka iya zanen, ƙwallon tana zuwa kusa da inda ka aike ta fiye da sauran hanyoyin. Na yi wata guda ina koyo. Yatsana ya yi tsami, amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Na lura idona ya bar kan mai sanda gaba ɗaya, ya koma kan zane. Ban ƙara tuna cewa ya kai wa ta ƙasa duka sau biyu ya rasa ba, ban ƙara tunanin in yaudare shi da mai saurin gaske sannan in biyo da mai laushi ba. Jarrabawar yatsa kawai nake rubutawa.

Da na koma Meter sai wasan ya dawo min. Saitin bai kai na Pinpoint ba, wani lokaci ƙwallon takan zame ta faɗa tsakiya a yi min dukan kawo wuƙa. Amma ai haka yake faruwa ga masu jifa na gaske. A ganina rabin jifa hannu ne, rabi kuma karanta zuciyar wanda ke gabanka. Ni Meter ne ya bar min sarari a kai na yi wannan karatun.

Abin da ya ba ni tsoro shi ne mun kusa daina wasan saboda wannan. Ya ce ba daɗi ya ci wanda ba ya wasa da gaske, ni kuma na ji haushi na bar Asabar biyu suka wuce ban kunna ba. A cikin makonnin nan biyu, wallahi ko gaisuwa ba mu yi ba. Hajiya ce ta tambaye ni, "Kai da ɗan'uwanka lafiya dai ko?" Kunya ta hana ni gaya mata a kan gem ne.

Yanzu mun yi sulhu. Kowa da hanyarsa, ba gori. Makon jiya ya ci ni 6 da 2, amma sau uku na sa shi ya kai wa iska duka da jifan da bai zata ba, har na ji shi yana salati ta waya.

Masu buga The Show a cikinku, wacce kuke amfani da ita? Ku faɗi gaskiya, ban da cika baki.